Lambar QR da mai larurar gani: tambayoyin da ake yawan kawo mana a Nima

Sana'ata buga takardu da allunan shaguna, a Nima nake, nan Ankara kamar yadda mu 'yan zango muke kiran Accra. Kawuna kuma hawan jinin ido ya cinye masa gani, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Tsakanin aikin shago da zaman da nake yi da shi da abokansa bayan La'asar ne waɗannan tambayoyi suka taru. Wasu masu shaguna ne ke kawo su, wasu makafin da kansu, wasu kuma 'ya'yansu. Na sa musu lamba don a iya komawa daga wata zuwa wata.

1. Mece ce lambar QR, kuma me ya raba ta da layukan da ke bayan gwangwanin madara?

Layukan nan baƙaƙe da ke bayan gwangwani su ne tsohuwar lamba. A 1974 aka fara haska irinta a kanti, a jihar Ohio ta Amurka, a jikin fakitin cingam. 'Yan alƙaluma kaɗan take ɗauke da su, waɗanda ke gaya wa na'urar kanti wane kaya ne. In ka ga alƙaluman sun fara da 603, kamfanin a Ghana ya yi rajistar lambar.

Ita kuwa QR murabba'i ce mai gidaje baƙi da fari kamar gidajen dara. Wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Hara, ya ƙirƙiro ta a 1994 a kamfanin Denso, don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Tana iya ɗaukar alƙaluma har 7,089, ko haruffa da alƙaluma 4,296. Manyan idanu uku da kake gani a kusurwoyinta su ne ke gaya wa kyamara "ga ni nan", ko a miƙe take ko a kife. Kamfanin bai ɗora kuɗi a kan amfani da ita ba, shi ya sa ta cika duniya, har ta iso teburin mai waakye.

2. Tunda wayar makaho tana magana, ba sai ya haska lambar ta karanta masa ba? Ina matsalar?

Wannan ce tambayar da masu ido suka fi yi, kuma amsarta ce ginshiƙin sauran duka. Kai mai gani, kafin ka ciro waya daga aljihu idonka ya riga ya gama rabin aikin. Ka ga akwai lamba, ka ga inda take, ka matso, ka daidaita ta a tsakiyar fuskar waya, ka tsayar da hannu. Duk wannan ba ka ma lissafa shi a aiki ba. Shi kuwa wanda ba ya gani, wa zai gaya masa ma akwai lambar?

Na taɓa raka Kawu wani ofis karɓar takarda. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta ce, cikin ladabi kuwa, "Baba, a haska lambar nan a ɗauki layi." Ya ce, "'Yata, lambar tana ina?" Ta ce, "Ga ta nan." Ta nuna da yatsa. Na yi shiru don in ga yadda za a ƙare. Ya ɗaga waya yana shafa iska da ita, hagu, dama, sama, ga sanda a ɗaya hannun, mutane a bayansa sun fara gyaran murya. Lambar kuwa ba ta fi faɗin kwalin ashana ba, an manna ta a bayan gilashi, daidai ƙugun mutum. Da na kama hannunsa na kai wayar wurin, ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta kama.

Karantawa ba ta taɓa zama wahalar ba. Nemowa ce wahalar. Duk dabarun da ke ƙasa, na Turai da na gida, amsa ce ga tambayar nan ta Kawu.

3. Duk masu larurar gani buƙatarsu ɗaya ce?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, ta kusa ko ta nesa, kuma kaɗan ne daga cikinsu ba sa ganin komai sam. Mai yanar ido yana gani kamar ta cikin hazon hunturu, babban abu mai baƙi da fari zai iya hango shi. Mai hawan jinin ido, ciwon da ya yi yawa a ƙasar nan, gefen ganinsa ne ke fara tafiya, ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu: abin da ke gabansa tsaf yana gani, amma sai ya yi ta juya kai kafin ya ci karo da shi. Wannan abin da zai taimake shi shi ne lambar ta kasance a wuri ɗaya kullum. Wanda ba ya gani gaba ɗaya kuwa yatsa da kunne ne jagorarsa, duba tambaya ta 10 da ta 12.

4. Daga nisa nawa waya ke iya kama lambar QR?

Mu masu buga alluna muna da ƙa'idar da muke aiki da ita: nisan da za a iya haskawa ya kai kamar ninki goma na faɗin lambar. Mai faɗin santimita 3, irin ta jikin kwalba, sai an matso kusan santimita 30, wato kamar tsawon rula ta 'yan makaranta. Mai santimita 10 tana kamuwa daga mita 1. In ka cika takardar A4 da lamba mai santimita 18, za ta kamu daga kusan mita 2. Ƙiyasi ne, waya mai kyamara mai kyau takan zarce haka, tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi kuma ba ta kaiwa.

Dalilin shi ne kyamara hoto take ɗauka da ɗigo-ɗigo, kuma kowane gida na lambar sai ya samu ɗigo da dama kafin waya ta tabbatar baƙi ne ko fari. Kana ja da baya gidajen na ƙanƙancewa har su cakuɗe su zama toka-toka. Haka in ka tsaya a karkace, ko hannu na rawa, ko kana tafiya. Ka lura duk waɗannan ukun su ne halin wanda ke neman abu da lalube.

5. Lambobi biyu girmansu ɗaya, ɗaya na kamuwa nan take, ɗaya sai an sha fama. Me ke jawo haka?

Yawan abin da aka cusa a ciki. Mafi ƙanƙantar QR gidaje 21 ne a tsaye, 21 a kwance. Bayani na ƙaruwa gidaje na ƙaruwa huɗu-huɗu, har a kai 177. Ɗauki adireshin intanet mai haruffa 25: yana shiga lamba mai gidaje 25 a kowane gefe. Mai haruffa 100 kuwa sai mai gidaje 41. In duka biyun faɗinsu santimita 10 ne, gidan ta farko milimita 4 ne, na ta biyu bai kai biyu da rabi ba. Takarda ɗaya, tawada ɗaya, amma ta farko za ta kamu daga nesa fiye da 'yar'uwarta. Gajarta adireshi ita ce gyara mafi araha da na sani, ko sidi ɗaya ba ta ci.

Akwai kuma abin da ake kira gyaran kuskure. Lambar tana maimaita wani ɓangare na bayaninta, don ko ta goge ko ta yage a iya karanta ta. Mataki huɗu ne: kashi 7, 15, 25 da 30 cikin ɗari. Mafi girman mataki ya fi jure datti, sai dai yana ƙara yawan gidaje. Don allon shago nakan zaɓi na 15 ko na 25. Masu son a dasa tambarin shagonsu a tsakiyar lamba su sani wannan rarar suke cinyewa, ranar da maiƙo ya taɓa gefe guda kuma shi ke nan. Sannan a bar mata farin fili kewaye, faɗin gidaje huɗu. Mutane na son cike wurin da furanni da lambar waya, ni kuma kullum sai mun yi ja-in-ja.

6. Na ji akwai wata lamba mai launuka da ake kamawa daga nesa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, sunanta NaviLens. A Sifen aka ƙirƙiro ta, haɗin gwiwar wani kamfani na garin Murcia mai suna Neosistec da masu bincike na Jami'ar Alicante. Baƙin murabba'i ce mai 'yan gidaje kaɗan manya-manya, masu launin shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, da rawaya. Kamfanin ya ce ana kama ta daga nisan da ya ninka na QR sau 12, daga karkace har digiri 160, cikin kashi ɗaya bisa talatin na daƙiƙa, ba sai kyamara ta tsaya ta daidaita ba. Ma'ana mutum na tafiya yana kaɗa waya a hankali, in lambar ta gifta ko a gefen hoton ne, wayar za ta yi magana. Takan faɗi abin da ke wurin, da nisan da ke tsakani, da ɓangaren da za a nufa.

Sirrin ba wani tsafi ba ne, shi ne dai abin da aka faɗa a tambaya ta 5 aka kai shi ƙarshe. Lambar ba ta ɗauke da dogon bayani, shaida ce kawai kamar lambar mota. Manhajar ce ke ɗaukar shaidar ta je ta ɗebo bayanin daga ma'ajiyar kamfanin. Da yake gidajen kaɗan ne, kowanne ƙato ne, launi kuma na ba kowane gida damar faɗin abin da ya fi "baƙi ko fari".

Ana amfani da ita a jirgin ƙarƙashin ƙasa da motocin bas na Barcelona, da wasu tashoshin New York, da taragon cikin gari na Melbourne a Ostareliya. Kamfanin Kellogg's ya gwada ta a kwalin Coco Pops a Birtaniya a 2020 tare da RNIB, babbar ƙungiyar makafi ta can, daga 2022 kuma ya fara yaɗa ta a kwalayensa na Turai. A jikin kwali ana kama ta daga kusan mita 3, wato mutum na tsaye a layin kanti waya na gaya masa abin da ke kan kanta.

7. Dole sai an ƙara wata lamba daban? Ba a iya gyara QR ɗin da ake da ita?

Ana iyawa. Wani kamfanin Birtaniya, Zappar, ya fito da dabarar zagaye kusurwar QR ta yau da kullum da ɗigo da 'yan gajerun layuka. Mai gani ya haska ta da kyamararsa kamar yadda ya saba, ba abin da ya canja masa. Manhajar masu larurar gani kuwa wannan zanen na gefe take fara hangowa, daga fiye da mita 1 ko a ƙaramar lambar jikin kwali, ta faɗi wane irin kaya ne da nisansa, in an matso ta karanto sauran bayani. Unilever ta fara sa ta a kwalin sabulun wanki na Persil a Birtaniya a 2023.

Nisanta bai kai na mai launuka ba, amma ba ta cin wani sabon fili a jikin kwali, kuma masu kaya na ƙaunar fili kamar ransu. Ƙungiyar GS1 mai kula da lambobin kaya a duniya ta sa burin a ƙarshen 2027 na'urorin kantuna su iya karanta lambobi irin QR a wurin biyan kuɗi. Ke nan kamfanoni da yawa za su sake zanen kwalayensu ko ana so ko ba a so. Tun ran gini tun ran zane: masu sarrafa kaya a Tema da Spintex, wannan ne lokacin da ya dace a yi musu maganar.

8. To me zai hana a kawo waɗannan a manna ko'ina a Accra?

Ni ma da na fara ganin yadda suke aiki haka na ce. Amma a yi lissafi. Manhajar kyauta ce ga mai amfani, sai dai ma'aikata ko kamfanin da zai lika lambobin a gininsa ko kayansa shi ke biya. Kyamarar waya ita kaɗai ba ta karanta lambar mai launuka, sai an sauke manhajarta. Ana buƙatar data, da waya mai ɗan ƙarfi, da batirin da zai jure kyamara a kunne tsawon tafiya. A cikin abokan Kawu akwai masu riƙe da ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ake ce wa yam, kuma ba talauci ne kaɗai dalili ba: yatsa na jin maɓalli, gilashi kuwa sumul yake.

Ra'ayina, wuraren da mutum ke shiga shi kaɗai yana neman ƙofa a cikin ƙofofi, kamar manyan asibitoci irin su Korle Bu da Komfo Anokye, filin jirgin sama, jami'o'i da manyan ofisoshin gwamnati, nan ne kuɗin zai yi amfani. Shagon Hajiya mai kayan miya kuwa, abin da ke tambaya ta 9 ya ishe ta.

9. Ni mai shago ne, ina da QR a kanta. Me zan gyara a wannan makon?

Fara da girma. In lambar taka ba ta kai tafin hannu ba, sake buga ta, santimita 10 zuwa 15 a kanta, ta bango ko ƙofa kuma ta fi haka. Baƙi a kan fari, kar ka juya, kar ka sa ruwan toka a kan shuɗi don ado. Fito da ita daga bayan gilashi. Tsayar da ita tana fuskantar mai shigowa, daidai ƙirjin babban mutum, kar a kwantar da ita a tebur inda buhun sukari zai hau kanta. Guda ɗaya a wuri ɗaya. Na sha ganin kanta mai lambobi huɗu jere, ta banki, ta MoMo, ta WhatsApp, ta talla, waya ta rasa wadda za ta ɗauka. Ko mai ido sai ya rufe uku da hannu.

Sannan zaɓi mata mazauni kar ka ƙara ɗaga ta. In da masu shagunan layi ɗaya za su haɗa baki su ce kowa hannun dama na kanta, da aikin ya ragu sosai, domin wanda ya koya a shago ɗaya ya koya a duka.

Na ƙarshe ba ya buƙatar injin bugawa. Koya wa yaron shago magana. "Ga ta nan" ba kwatance ba ne. A ce, "Alhaji, tana hannunka na dama, daidai kafaɗa, taki ɗaya gaba." A kuma tambaya kafin a taɓa hannun mutum ko wayarsa.

10. Yaya ake sa lambar ta zama abin da yatsa zai gane?

Ƙasashen gabashin Asiya sun daɗe da wannan. A Japan, takardun da ke ɗauke da lambar karantawa da murya ana yanke musu ɗan rabin da'ira a gefen takarda, daidai inda lambar take. Mutum ya bi gefen da yatsa, ya ji gurbin, ya san inda zai sa kyamara. A Koriya ta Kudu kuwa lambar Voiceye a saman takarda ta hannun dama aka saba buga ta, wato mazauni ɗaya kullum.

Mu ma muna iya yin namu da abin da ke hannu. A takardar gayyata ko ta sanarwa, abin huda takarda na ofis ya isa: huda ɗaya a gefe kusa da lambar. A allo, nakan zagaye farin filin da siririn katako ko igiyar roba da aka manna, ta yadda tafin hannu zai ji firam ɗin. Kar abin ya hau kan farin filin, duba tambaya ta 5. Da mutum ya ji firam, sai ya ɗora wayar a tsakiya, ya ja ta baya a hankali har ta yi ƙara. Rubutun makafi na Braille a ƙasan firam yana da kyau ga waɗanda suka yi makaranta irin ta Akropong ko ta Wa, amma wanda ya makance da girma, kamar Kawu, yawanci bai koye shi ba. Firam kuwa kowa na jinsa.

11. Na yi wa lambar laminetin, wato rufin roba, don ruwa, amma sai ta daina kamuwa da rana. Me ya faru?

Ƙyalli. Roba mai sheƙi na mayar da hasken rana ko na ƙwan lantarki cikin kyamara, wani sashe na lambar ya zama fari fat. Mai gani zai ɗan karkata wayar ya wuce wurin, wanda ba ya gani bai san me ke faruwa ba. Nemi laminetin marar sheƙi ko sitika marar sheƙi. Ƙurar hunturu da hayaƙin gawayi kuma a goge su da tsumma. Tawadar ƙaramin injin gida rana na cinye ta da wuri, mai launi ta fi saurin koɗewa, don haka in lamba mai launuka ce za a sa a waje sai a buga ta a wurin masu allunan waje. Da dare, ko in an ɗauke wuta, a kunna tocilan ɗin waya.

12. Ni ne mai larurar. Wace manhaja zan sa, kuma yaya zan riƙe wayar?

Da farko mai karanta fuskar waya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, dukansu a cikin wayar suke zuwa. Sai Seeing AI ta Microsoft, kyauta ce, ta fito a 2017, ta iso Android a ƙarshen 2023. In kana neman lambar jikin kaya takan yi ƙara, ƙarar na ƙara sauri kana matsowa, kamar wasan yara na "ka yi zafi, ka yi sanyi". Akwai Lookout ta Google da Envision. Akwai kuma Be My Eyes, wadda aka fara a Denmark a 2015, tana haɗa ka da ɗan sa-kai mai gani ta bidiyo ya duba maka. Kar ka nuna masa katin banki ko lambar sirri. Ka kuma sani waɗannan manhajoji kayan da ke cikin rajista suke ganewa. Gari a ƙulle a leda ko shito na gida ba su da lamba, sai hanci da hannu.

Riƙo kuwa, kuskuren da kowa ke yi shi ne manna waya a jikin abu. Kyamara na son tazara. Jingina gwiwar hannu a haƙarƙari don rage rawa, fara daga kusa, ja baya sannu. Tuna kyamarar a saman waya take, sau da yawa a kusurwa, ba a tsakiya ba, sa yatsa ka ji inda take kafin ka fara, sannan ka goge ta da gefen riga. In kwali ne, juya kwalin kake yi, wayar na tsaye.

A hanya, wasu na rataya waya a wuya da igiya, kyamara na kallon gaba, hannu ɗaya na sanda ɗaya a sake. A cunkoson kasuwa wannan ya fi riƙe ta a sama tsaro. Abin sauraro kuma a kunne ɗaya kawai, ɗaya kunnen na okada ne da kwata.

13. An kama lambar, sai wayar ta yi shiru ko ta yi ta surutun da ba a ganewa. Laifin wa?

Laifin abin da ke bayan lambar. Da yawa sukan ɗauki hoton takardar farashi su ɗora, lambar ta kai mutum ga hoto. Mai karanta fuskar waya rubutu yake karantawa, in ya tarar da hoto sai ya ce "hoto" ya yi shiru. An sha wahalar nemo ƙofa, an buɗe, an tarar da bango. A sa rubutu na gaske, abu mafi muhimmanci a layin farko, ba tallar da za ta tare shafi.

Sai batun harshe. In muryar wayar ta Turanci ce aka ba ta rubutun Hausa, abin da ke fitowa sai ka riƙe ciki don dariya. Wani kwamitin masallaci ya zo in buga musu sanarwar lokutan karatu, na ba su shawara lambar ta kai ga sautin murya: ladan ya karanta sanarwar da Hausa, minti ɗaya, aka ɗora. Tsofaffin da ido ya yi rauni da waɗanda ba su yi boko ba duk suka amfana. An ce gani ya kori ji, a nan dai ji ne ya yi aikin. In saƙon gajere ne kuma, ana iya rubuta shi a cikin lambar kanta ba tare da adireshin intanet ba, ta karantu ko babu data, sai dai a tuna da gargaɗin tambaya ta 5.

14. Biyan kuɗi da QR fa? Yaya zan san ba ta ɓarawo na haska ba?

A watan Maris na 2020 aka ƙaddamar da GhQR, lambar biya ta bai-ɗaya da GhIPSS, reshen Babban Bankin Ghana, ke gudanarwa, don lamba guda ta karɓi kuɗi daga banki ko daga asusun waya. Mai ƙaramar waya ma na iya biya ta hanyar danna lambobi ya shigar da lambar shaidar ɗan kasuwa, kamar yadda aka saba da *170# a MTN. Don haka mai shago ya rubuta wannan lambar da manyan alƙaluma a ƙasan QR, ya kuma haddace ta don ya faɗa da baki. Matsalar wannan hanya ita ce takan yanke in an daɗe, mai sauraron murya kuma a hankali yake bi. Kar a tsaya masa a ka.

Damfarar da aka sani a duniya ita ce a manna sitikar ƙarya a kan ta gaskiya. Kariyarka ita ce sunan da ke fitowa kafin ka sa lambar sirri. Saurari sunan, ka tambayi mai shago, "Hajiya, wane suna ne a asusun?" Bari ita ta faɗa, kar kai ka karanto mata. In bai dace ba, tsaya. Sa abin sauraro lokacin danna lambar sirri don kar waya ta shelanta ta, kuma kar ka miƙa wa kowa wayar ya danna maka, ko da ya rantse. Mai shago shi ma ya riƙa shafa allonsa kowace safiya, in ya ji tudun sitika a kai ya ɓare.

15. Za mu iya amfani da wannan a gida, musamman wajen magani?

Sosai. Kwalaben maganin ɗiga wa ido kusan duk kamarsu ɗaya a hannu. Na buga wa Kawu ƙananan lambobi masu rubutu a ciki, irin "na dare, ɗigo ɗaya kowane ido", na manna a kati na ɗaure a wuyan kwalba, don in an manna a jikin kwalba mai lanƙwasa ba ta kamuwa da kyau. Abin da aka rubuta daga bakin likita ko mai ba da magani ya fito, kuma in an canja magani a tsinke tsohon kati a take. NaviLens ma na ba da wasu lambobi kyauta don amfanin gida, ka buga, ka sa musu bayanin da kake so.

Amma fa ranar da na kai masa, ya saurara, ya ce madalla, sannan ya nuna mini nasa tsarin: roba ɗaya a wuyan kwalbar safe, biyu a ta dare. Har yau da robar yake aiki, katina kuma jikoki ne ke haskawa in sun zo ɗiga masa.

16. Akwai dokar da ta tilasta wa ma'aikatu yin wannan?

Dokar Masu Buƙata ta Musamman ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa masu wuraren da jama'a ke shiga su samar da abin da zai sa nakasassu su iya amfani da su, ta ba tsofaffin gine-gine shekara goma, wa'adin da ya cika a 2016. An rubuta ta tun kafin QR ta shigo kasuwanninmu. A 2012 kuma Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda sashenta na 9 ya haɗa har da samun bayanai da hanyoyin sadarwa. In ofis ya ce ba a ɗaukar layi sai da lamba, kuma bai tanadi wata hanya ba, kana da abin kafa hujja. Ƙungiyar makafi ta ƙasa, Ghana Blind Union, da tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta Ghana su ne inda ya dace a kai irin wannan kuka. Ma'aikatar da ke son gyarawa kuma ta gayyaci makafi biyu ko uku su gwada kafin a buga dubu.

17. Trotro fa? Za a iya sa lamba a jikin mota don a san inda ta nufa?

A Barcelona abin ya yi aiki ne saboda bas na da lamba, da layi, da tasha tsayayya. Trotro kuwa da safe tana Nima zuwa Circle, da rana direba ya ga Madina ta fi fasinja ya juya. Lambar da aka manna a gilashi za ta yi ƙarya kafin Azahar, kuma lamba mai ƙarya ta fi rashin lamba haɗari ga wanda ba zai iya leƙawa ya tabbatar ba. Inda za ta yi amfani shi ne cikin manyan tashoshi kamar Kaneshie ko Tudu, a jikin ginshiƙin da motocin gari kaza ke lodi, domin ginshiƙi ba ya canja ra'ayi. Can ma sai babba, a sama da kan mutane, kuma a samu wanda zai riƙa kula da ita.

A bakin titi kuwa, na tambayi Kawu ko yana son a ƙirƙiro masa wani abu. Ya ce yaron mota da ke rataye a ƙofa yana ihun "Circle, Circle, Circle" tun daga nesa yake jinsa, ba data, ba caji. Abin da yake roƙo kawai, in motar ta tsaya yaron ya daina nuni da yatsa, ya buɗe baki ya ce masa akwai wuri a baya ko a gaba.